Tarihin Sauya Ƙirar Tsohon Babur a Amurka da Ingila

Masu rubuta tarihin babur galibinsu sunayen kamfanoni su ke bi, su ce a shekara kaza kamfani kaza ya fito da samfuri kaza. Dalili kuwa shi ne kamfani yana da littattafan lissafi da takardun talla waɗanda a ke adanawa, mai bincike ya zo daga baya ya tarar. Amma akwai wani sashe na tarihin nan da ya auku a bayan gidaje da ƙananan gareji, inda samari marasa ƙarfin sayen sabo su ke sayen tsohon babur, su kwance shi, su yanke abin da za su yanke, su mayar da shi wani abu dabam da zarto da guduma da sifana. Maƙasudin wannan ƙasida shi ne a nuna cewa kamannun babur iri uku da kamfanoni ke sayarwa yau da tsada, a hannun waɗannan samari suka fara, kuma kowace kama tana da dalilinta a cikin aljihun mai ita, da hanyar ƙasarsa, da dokar zamaninsa.

Gundulalle

Tun cikin shekarun 1920 a Amurka akwai masu rage wa tsofaffin baburan Harley-Davidson tsawo da nauyi. Abin ya ƙara ƙarfi a farkon shekarun 1930, sa'ad da ƙungiyar masu babura ta ƙasar ta kafa wani aji na tsere wanda ba a shiga sai da babur irin na kasuwa. Lokacin kuwa na matsin tattalin arziki ne. Mutum ya kan hawo baburinsa har filin tsere, ya cire fitila da duk abin da ba ya ƙara gudu, ya yi tserensa, sa'an nan ya mayar ya koma gida. Da sannu waɗansu suka daina mayarwa, suka riƙa yawo da shi haka a gari.

Yaƙin Duniya na Biyu shi ya kawo kayan aikin da yawa. Kamfanin Harley-Davidson ya ƙera babura wajen 90,000 domin yaƙin, mafi yawansu samfurin da a ke kira WLA. Babur ne na ɗaukar wahala, nauyinsa ya fi laba 500, ƙarfin injinsa kuwa bai wuce na doki 25 ba. An ɗora masa kuben bindiga, da akwatin harsashi, da wurin ɗaura kaya, da faifan ƙarfe a ƙarƙashin inji don duwatsu. Da yaƙi ya ƙare a 1945, hukumar soja ta yi gwanjon abin da ya saura da araha, ga kuma samari sun komo gida, da yawansu sun koyi kanikanci a soja.

To, mai irin wannan babur in yana son gudu hanya biyu ce gabansa: ko ya ƙara wa inji ƙarfi, ko ya rage masa kaya. Ta farko tana cin kuɗi, ta biyu kuwa ba ta cin kome sai gumi. Saboda haka sai a cire madigadin gaba, watau ƙarfen da ke kāre taɓo a bisan taya, a yanke na baya ya koma rabi, a jefar da akwatuna da gilashin gaba, a sa ƙaramin sirdi. Suna kiran babur ɗin boba, daga kalmarsu ta gundule wutsiyar dabba, watau dai gundulalle. Ƙa'idar da aka kafa a nan ita ce tushen duk abin da ya biyo baya: abin da ba ya tafiyar da babur kuma ba ya tsai da shi, kaya ne.

Sararre

Mai gundulewa ba ya taɓa firam, watau ƙarfen da ke riƙe da inji da ƙafafu, wanda shi ne ƙashin bayan babur. A ƙarshen shekarun 1950 da cikin na 1960, a jihar Kalifoniya musamman, sai aka kai zarto ga firam ɗin kansa. A kan sare wuyansa, a kwantar da shi baya kaɗan, a yi walda, sa'an nan a ƙara wa ƙarafan ƙafar gaba tsawo, har waɗansu su kan yi ƙarin da ƙarafan tsohuwar motar Ford. A ɗaga kan babur sama, a sa ɗan ƙaramin tanki, a kafa dogon ƙarfe a baya don jingina, a yi fenti mai walƙiya. Wannan shi ne cofa, ma'anarsa sararre.

Sauyin nan yana da hukuncinsa a kan hanya. In ƙafar gaba ta miƙe nesa, babur ya kan tsaya sosai a miƙaƙƙiyar hanya, amma ya yi nauyin kai a kwana. Hanyoyin yammacin Amurka kuwa dogaye ne, masu faɗi, ruwan sama kaɗan ne, don haka aibin bai dame su ba. Sai dai a nan niyya ta fara juyawa, gama mai cofa ya fi kula da a gan shi a kan ya riga kowa isa, har da yawa suka cire birkin gaba don ƙafar ta fito tas.

Abin da ya kai cofa ko'ina a duniya shi ne wasan sinima mai suna Easy Rider na 1969, wanda Peter Fonda da Dennis Hopper suka fito a ciki. Baburan wasan tsofaffin Harley-Davidson ne guda huɗu na 'yan sanda, aka saye su a gwanjo. Waɗanda suka tsara su suka haɗa su kuwa baƙaƙen fata ne biyu, Cliff Vaughs, wanda ya yi gwagwarmayar neman 'yancin baƙar fata, da Ben Hardy, wani makaniki mai gareji a Los Anjalas. Ba a sa sunan ko ɗayansu a jerin ma'aikatan wasan ba. Hardy ya rasu a 1994, tun labarin aikinsa bai bazu ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Samarin gidan shayi

A Ingila abin ya bi wata hanya, domin ƙasar ƙarama ce, hanyoyinta matsattsu, masu yawan kwana. An daina rabon man fetur da kati a 1950, aiki ya samu, kuma ana sayar da babur a biya da kaɗan-kaɗan. Saurayi ɗan ƙwadago ba shi da halin mota, amma yana iya kai hannu ga tsohon Triumph ko BSA ko Norton. Wurin taruwarsu shi ne gidajen shayi na direbobin manyan motoci, waɗanda ba a rufewa dare da rana. Mafi shahara shi ne Ace, a bakin hanyar da ta kewaye arewacin Landan. An buɗe shi a 1938, bom ya rushe shi a 1940, aka sāke gina shi a 1949.

Burin waɗannan samari ɗaya ne, watau baburinsu ya yi mil 100 a awa. Abin koyinsu kuwa baburan tseren tsibirin Man ne. Ya kamata mai karatu ya lura da abin da ke hana babur gudu in ya yi nisa da sauri, gama a nan iska ta fi nauyi tsanani. In gudu ya ninka biyu, turjiyar iska ta kan ninka huɗu, ƙarfin da inji ke bukata don ya keta ta kuwa ya ninka takwas. Saboda haka abin da ya fi araha shi ne mahayi ya rage faɗin jikinsa. Sai suka cire kan babur, suka ɗaura gajerun hannuwa biyu a ƙasa, a jikin ƙarafan ƙafar gaba. Suka mayar da matakan ƙafa baya, suka sa dogon tanki na alminiyon wanda mahayi zai kwanta a kai, da sirdin mutum ɗaya mai tozo a baya don kada ya zame. Suka sauya salansa, suka ƙara kafireto ya zama biyu. Aka riƙa kiran irin wannan babur kafe-resa, watau ɗan tseren gidan shayi, kuma da fari sunan na ba'a ne.

Auren Triumph da Norton

Ƙolin wannan sana'a shi ne babur da a ke kira Triton, wanda babu kamfanin da ya haife shi. Ga yadda aka yi. A 1949 wani gwani daga Belfas, Rex McCandless, ya ƙera wa Norton sabon firam na bututun ƙarfe mai gewaye biyu, an haɗa shi da walda, yana da sifirin a baya. Da shi Geoff Duke ya ci babban tseren tsibirin Man a 1950. Wani mahayi, Harold Daniell, ya kwatanta hawansa da kwanciya a katifar gashin tsuntsu, sunan kuwa ya bi firam ɗin. Babu wanda ya kai shi riƙe hanya a kwana a zamanin. A ɗaya gefen kuma injin Triumph mai silinda biyu, wanda asalinsa ƙirar Edward Turner ce ta 1937, yana da araha, kayan gyaransa suna ko'ina, yana kuma karɓar ƙarin ƙarfi ba tare da wuya ba, amma firam ɗinsa ya kan yi rawa in an matsa masa.

Sai wani dalili ya shigo daga gefe. Masu tseren ƙananan motoci suna son injin Norton na tsere, kamfanin kuwa ba ya sayar da inji shi kaɗai. Dole su sayi babur ɗungum, su cire inji, su sayar da firam. Rashin uwa kan sa a yi uwar ɗaki: ga firam ba inji, ga inji ba firam na kirki, sai samari suka ɗaura musu aure. Aikin yana bukatar hankali ƙwarai. Kafin 1963 manyan injunan Triumph dabam su ke da akwatin giya, saboda haka sai an yanko faifan alminiyon masu kauri, an huda su daidai, don su riƙe inji da akwatin giya a cikin firam ɗin da ba dominsu aka yi shi ba. In an kuskure ko da kaɗan, kaca ba za ta miƙe da ƙafar baya ba, ta yi ta cin haƙora. In an ajiye inji ya yi baya ko ya yi sama da yawa, an ɓata riƙon hanyar da aka sha wahalar dominsa. A kan wannan misali aka yi Tribsa, injin Triumph a firam ɗin BSA, da Norvin, injin Vincent a firam ɗin Norton, bayan kamfanin Vincent ya daina ƙera babura a 1955. A 1965 Dave Degens ya shiga tseren awa 24 na Barsalona da Triton haɗin hannunsa, ya kuwa ci, ya sāke ci a 1970.

Doka da ƙarshen zamanin

Wannan wasa ya ci rayuka da yawa, jaridu kuma suka sa samarin gaba. Wani limamin Kirista, Bill Shergold, wanda shi ma mahayi ne, ya je Ace da kansa a 1962, ya gayyace su coci, daga nan ƙungiyar matasa ta 59 Club ta zama matattarar masu babura. Hukuma kuwa da doka ta bi su. A 1960 aka fara gwajin lafiyar tsofaffin ababan hawa. A 1961 aka hana ɗan koyo hawan babur da ya wuce siisii 250. A 1965 aka ƙayyade gudu a mil 70 a awa, watau burin mil 100 ya zama laifi a kowace hanya. A 1973 aka tilasta sa hular kwano. Daɗin daɗawa ƙananan motoci irin su Mini, wadda ta fito a 1959, suka yi araha, saurayi ya gwammace ya ɗauki budurwarsa ba tare da ruwa ya dake su ba. A 1969 aka rufe Ace. A shekarar nan ce kuma Honda ta Japan ta fito da CB750, mai silinda huɗu da birkin faifai a gaba, wanda ke wuce mil 100 yadda ya fito daga kanti.

Gado

Kamfanoni ba su bar abin ya tafi a banza ba. Royal Enfield ta fito da Continental GT a tsakiyar shekarun 1960, da gajerun hannuwa da matakan baya tun daga masana'anta. Harley-Davidson, wadda da can ta ke ƙyamar masu sare baburanta, ta fito da Super Glide a 1971, inda Willie G. Davidson ya haɗa gaban ƙaramin samfuri da jikin babba, kamar yadda masu gareji suka daɗe suna yi. Triumph ta fito da Thruxton a 2004, daga baya kuma ta yi sabon babur ta sa masa suna Bobber. An sāke buɗe Ace sosai a 2001. Su kuma baburan Japan na shekarun 1970, waɗanda suka kawo ƙarshen zamanin Triton, da suka tsufa suka yi araha sai suka faɗa hannun masu zarto, aka riƙa mai da CB750 da Yamaha SR400 kafe-resa. Da tsohuwar zuma a ke magani.

Abin da tarihin nan ke nunawa shi ne sabuwar ƙira ta sha tasowa daga ƙasa ta hau sama, daga hannun mai tsohon abu zuwa teburin mai zane a kamfani. Amma takarda a hannun kamfani ta ke. An san ranar fitowar kowane samfuri, alhali kuwa masu gundulewa da masu haɗa Triton, in ban da 'yan kaɗan da suka ci tsere ko suka buɗe kanti, sun shuɗe ba suna. Wannan ya shafi duk mai nazarin tarihin sana'a, ko ta ƙira ce, ko dukanci, ko kanikanci, da duk malamin da ke tura ɗalibansa bincike. Wanda ya tsaya ga takardu kaɗai zai rubuta tarihin masu sayarwa ne. Tarihin masu yi yana bakin tsofaffin gareji da jikin ƙarfen da suka taɓa, kuma sai an je an tambaye su tun suna da rai.