Yadda Ake Rubuta Takardar Neman Farashin Sifirin Ƙirar Musamman

Sau da yawa injin casa, injin niƙa ko taraktar ƙaramar hukuma kan tsaya cik a lokacin kaka saboda karyewar sifirin guda ɗaya. Idan babu irinsa a kasuwa, sai an aika wa masana'anta ta ƙera, kuma masana'anta ba ta yanke farashi sai da cikakken awo a rubuce.

Da farko a bayyana nau'in da ake bukata: na dannawa ne, na ja ne, ko na murɗawa. Sannan a rubuta kaurin waya, faɗin zagaye daga waje, tsawonsa lokacin da babu nauyi a kansa, adadin zagaye, da siffar bakinsa biyu, wato ko a shafe yake ko mai ƙugiya. Na murɗawa kuwa, wajibi ne a faɗi ko dama ya nufa ko hagu.

Kaurin waya shi ne wurin da aka fi yin asara. Ƙarin kashi 10 cikin ɗari a kaurin kan ƙara taurin sifirin da kusan kashi 46 cikin ɗari, don haka awon ido ko na tef bai wadatar ba, sai da ma'aunin kalifa irin na masu walda da kanikawa. A tsaya ga milimita ko inci, kada a gauraya. Inci ɗaya milimita 25.4 ne. Haka kuma tsohon sifiri yakan gajarce saboda daɗewa yana aiki. Ya kamata a aika da shi a matsayin samfur, amma a ƙara da tsawon gurbin da yake zama da nauyin da zai ɗauka.

A ambaci yanayin wurin aikin. Wanda zai zauna cikin ruwa ko kusa da takin zamani yana bukatar ƙarfen da ba ya tsatsa.

Kuɗin saita inji ɗaya ne ko guda 5 za a ƙera ko 500, saboda haka ƙungiyoyin manoma su haɗa bukatunsu wuri guda. Ga jami'an gwamnati, Dokar Sayen Kayayyaki ta Tarayya ta 2007 ta tanadi neman farashi daga akalla kamfanoni uku marasa alaƙa da juna, sai kuma a duba dokar jiha. A nemi kowanne ya rubuta kuɗin dako, haraji, ranar kawo kaya da wa'adin da farashin zai ci gaba da aiki.