Cinikin Gida a Kano: Daga Bakin Mai Unguwa zuwa Takardar Gwamna

Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya shigo Kano a 1851, ya ƙiyasta mazauna birnin da kimanin mutum 30,000, kuma ya tarar da fili mai yawa a cikin ganuwa babu gini, sai gonaki da kududdufai. A gari irin wannan ƙasa ba ta da tsada. Wanda ke son zama sai ya nemi iznin masu gari, ta hannun mai unguwa, a nuna masa wuri ya kafa tubali. Abin da ke da daraja shi ne ginin da aka ɗora, da kuma mutanen da ke kewaye da shi.

Sunayen unguwanni ma sun isa shaida. Larabawan Gadamas da Tarabulus suna Dandalin Turawa, Nufawa suna Tudun Nufawa, Barebari suna Zangon Barebari, Yarabawa suna Ayagi. Baƙon ɗan kasuwa ba ya neman gida a ko'ina, yana neman inda za a fahimci harshensa, a ba shi bashi, a yi masa shaida ranar da rigima ta taso. Kusanci da kasuwar Kurmi kuwa ƙari ne.

Idan aka zo duba gidan kansa, ido yana kan abubuwa kaɗan amma masu nauyi. Azarar rufi ta giginya ce, kuma gara ba ta ci ta ba? Katanga tana samun yaɓe kafin kowace damina? Indararo yana zubar da ruwa waje ko yana jiƙa gindin bango? Akwai rijiya a tsakar gida? Sai zaure, wanda shi ne fuskar maigida: a nan yake karɓar baƙi, a nan almajirai ke kwana, kuma shi ke tsare mutuncin matan gida daga idon mai wucewa. Gidan da ba shi da zauren kirki, komai yawan ɗakunansa, ana yi masa kallon na ƙaramin mutum.

Sayar da gida kuma ba abin alfahari ba ne, musamman gidan gado. Ana ɗaukar sa alamar karaya. Ko a shari'a, fiƙihun Malikiyya ya ba abokin tarayya a gidan da ba a raba ba haƙƙin shufa'a, wato ya fanshi kason ɗan'uwansa kafin bare ya shigo. Ciniki ya faɗa ne idan mai gida ya ce ya sallama a gaban shaidu, kuma ƙwaƙwalwar mai unguwa ita ce rajista.

Turawa sun ci Kano a 1903, kuma dokar ƙasa ta 1910 ta sanya filayen Arewa duka a ƙarƙashin ikon gwamna. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, aka yanka Sabon Gari a wajajen 1913 domin ma'aikata da 'yan kasuwa daga kudu, Turawa kuma suka keɓe wa kansu Nasarawa. A waɗannan sababbin unguwanni aka fara ganin fuloti mai lamba, titi miƙaƙƙe, da gidan da aka gina musamman domin haya. Cikin birni bai canza nan take ba, amma ya ga samfuri.

Siminti da kwano su suka ƙarasa aikin. Bayan an ƙirƙiri Jihar Kano a 1967, kuɗin mai suka shigo a shekarun 1970, ma'aikaci ya fara mafarkin falo da banɗaki a ciki da wurin ajiye mota. Rukunin gidaje irin na Kundila, da na Shagari da gwamnatin tarayya ta gina bayan 1979, sun koya wa mutane zama a gidan da babu zaure. Get na ƙarfe ya maye gurbinsa, kuma a ganin mai wannan rubutu an yi asarar da ba a lissafa ba, domin baƙo yanzu a titi yake tsayawa.

Dokar amfani da ƙasa ta 1978, ta zamanin mulkin soja na Obasanjo, ta damƙa filin kowace jiha ga gwamnanta. Abin da mutum ke riƙewa shi ne haƙƙin zama, galibi na shekara 99, kuma mayar da shi ga wani yana buƙatar amincewar gwamna. Sai dai gwamnati ba ta taɓa yanka filaye daidai da yawan masu nema ba. Saboda haka gari ya bazu ta hanyar awon igiya: manomi ya sayar da gona, dillalai su yanka ta ƙanana, a bar lungun da mota ba ta iya juyawa. Yawancin irin wannan ciniki har yau takardar hannu ce, da sa hannun shaidu da hatimin mai unguwa, dillali kuma ya karɓi la'adarsa, wadda aka saba yankewa kashi 5 cikin 100.

Mai saye na yau tambayarsa ta farko takarda ce, ta biyu ruwa. Gida mai rijiyar burtsatse da sola, a bakin hanyar da ba ta cika da ruwa a watan Agusta, ya fi wanda ya sha fenti da tayil saurin samun mai so. Rusau ɗin da gwamnatin jiha ta yi a Yunin 2023, a filin Idi da harabar tsohon otal ɗin Daula, ya ƙara wa mutane tsoro, domin ya nuna cewa takardar da wata gwamnati ta bayar wata na iya ƙin amincewa da ita. Shi ya sa mai hankali yanzu yake bin hanya biyu kafin ya biya: ya je ma'aikatar ƙasa a bincika masa fayil, sannan ya dawo unguwa ya tambayi dattawa ko akwai magajin da bai sa hannu ba.