Tace zaiba daga ruwa: daga Minamata zuwa fasahar nano

A ranar 1 ga Mayu, 1956, Dokta Hajime Hosokawa, shugaban asibitin kamfanin Chisso, ya sanar da hukumar lafiya ta Minamata a Japan ɓullar wata baƙuwar cuta mai lalata jijiyoyi. Tushenta zaiba ce, wato makuri. Tun 1932 masana'antar take malalar da dagwalonta cikin teku. Gubar ta taru a jikin kifi, ta kama masunta da iyalansu, har da 'ya'yan da ke ciki.

A Disamba 1959 kamfanin ya ƙaddamar da injin tace ruwa mai suna Cyclator. Aikinsa kwantar da laka ne kurum, ba ya kama zaibar da ta narke. Ruwa ya fito garau, hankalin jama'a ya kwanta, guba kuwa ta ci gaba da kwarara har 1968, shekarar da gwamnati ta tabbatar da musabbabin cutar. Daga 1977 zuwa 1990 aka yashe gurɓatacciyar laka kimanin kubik mita miliyan 1.5, aka binne ta ƙarƙashin fili mai faɗin hekta 58. Wannan killacewa ce, domin zaiba ba ta ruɓewa.

Saura tambayar yadda za a cafko narkakkiyar zaiba daga ruwa. Masana sun daɗe da sanin cewa tana manne wa farar wuta, domin a haɗe da ita ake haƙo ta daga ƙasa. A 1997 masu bincike a cibiyar Pacific Northwest ta Amurka suka bayyana wani garin silika mai ramuka ƙanana ainun, faɗin kowanne 'yan nanomita, suka shimfiɗe cikinsu da sinadari mai ɗauke da farar wuta. Giram ɗaya na garin yana da farfajiyar ɗaruruwan murabba'in mita, saboda haka yake damƙe zaiba mai yawa yayin da ruwa ke ratsa shi.

Fasahar tana da tsada, kuma garin da ya ƙoshi da zaiba shi ma guba ne mai neman ma'ajiya. Shi ya sa Yarjejeniyar Minamata ta 2013, wadda ta fara aiki a 2017, ta fi mayar da hankali ga rage amfani da zaiba tun daga tushe. A yau babbar kafar da take bi ta shiga muhalli ita ce haƙar zinare ta gargajiya, irin wadda ake yi a Zamfara da Neja, inda ake ƙona ta a fili don ware zinare.