Farcen Garaya a Gadarif

Masu garaya suna kiransa farce, mutanen yamma kuwa su ce farke, kuma ba wani abu ba ne illa ɗan guntun busasshiyar fatar sa, ko ta dorina ga wanda ya samu, wanda makaɗi ke riƙewa tsakanin babban yatsa da manuni yana bugun tsirkiya da shi. Duk wanda ya taɓa zama kusa da mai garaya ya san cewa ana iya ɗaure tsirkiya ta yi daidai, a gyara zaman jaki, 'yan caki su shirya, murya ta buɗe, amma in wannan ɗan abu ya suɓuce daga hannu a tsakiyar taken wani, kiɗan ya mutu ke nan nan take, kuma kunyar da ke biyo baya ba ƙarama ba ce. Ban taɓa ba wannan mas'ala muhimmanci ba sai da Allah ya nufe ni da zama na wasu watanni a Gadarif, a gabashin ƙasar Sudan, inda zafi da gumi da man riɗi suka haɗu suka mai da riƙon farce wani fanni mai zaman kansa.

Gadarif gari ne da kasuwa ta haifa. A ƙarni na goma sha tara an fi saninsa da Suƙ Abu Sin, wato kasuwar Abu Sin, saboda gidan Ahmad Abu Sin shugaban Larabawan Shukuriyya, waɗanda ke kiwo a filin Butana. Kuma da yake garin na zaune a kan hanyar da ta haɗa Sinnar da Kasala, ga kuma wadda ta gangara kudu zuwa Gallabat a bakin iyakar Habasha, fatake ba su yanke masa ba. An gwabza a bakinsa a watan Satumba na 1898 tsakanin rundunar Masar da Ingila da mayaƙan Mahadiyya na Ahmad Fadil, jim kaɗan bayan faɗuwar Ondurman. Jirgin ƙasa ya iso shi a 1928, sannan a tsakiyar shekarun 1940 aka soma noma da injuna a Gadambaliya, yamma da gari, a kan baƙar ƙasar nan mai laka wadda ke tsagewa da rani har ƙafa ta shige, ta kuma riƙe mota da damina kamar danƙo. Tun daga nan Gadarif ta zama rumbun dawa da riɗi na ƙasar baki ɗaya, ga kuma ƙaro da ake tsagowa daga dakwara da dushe.

Hausawa kuwa niyyar hajji ce ta kawo su tun farko. Mutum ya bar Kano ko Katsina ko Haɗeja da ƙafa, ya ratsa Barno da Wadai da Darfur da Kurdufan, yana tsayawa ya yi noma ko ƙira ko wanzanci ya sami guzuri, har ya kai Sawakin ya ƙetare Bahar Maliya. Tafiyar da kan ci shekaru, wani ya isa, wani ajali ya riske shi a hanya, wani kuma ya yi aure ya haihu, niyyar tana nan a zuci har ya bar ta gado ga 'ya'yansa. Sai kuma babbar hijira ta 1903, lokacin da Nasara suka ci Sakkwato, Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi shahada a Burmi, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jama'a zuwa gabas har suka kafa garin da ke ɗauke da sunansa a bakin Shuɗin Nilu, kusa da Sinnar. Daga baya aikin audugar Jazira, wanda aka buɗe a 1925, da gonakin Gadarif suka jawo wasu dubbai, suka zauna a unguwannin gari da ƙauyukan bakin kogunan Rahad da Atbara da Sitit, mutanen ƙasa suna kiransu Fallata ko Takari, ba su cika rarrabe Bahaushe da Bafulatani da Babarbare ba.

Wanda ya yi hijira don tsare addininsa, allo da tawada da carbi ake sa ran gani cikin kayansa, kuma su ne suka fi yawa. Malaman jihadi sun tsananta a kan kayan lahawu, kuma hujjarsu tana da asali, domin ko Imamu Gazali, wanda ya sassauta ƙwarai a babin sama'i na Ihya'u, ya halatta mandiri amma ya hana masu tsirkiya, bisa dalilin cewa alama ce ta majalisar mashaya. Duk da haka ayari ba ya tafiya da malamai kaɗai. Akwai maharba, waɗanda garaya tasu ce tun asali, da ita ake yi musu kirari. Akwai mahauta da 'yan dambe da masu bori. Kuma waɗannan ma bayin Allah ne masu son ganin Ka'aba. Ni a ganina marubutan da suka ba da tarihin hanyar gabas sun yi wa waɗannan mutane rowar ambato, alhali shaidarsu tana nan a bakin Sudaniyawa kansu, waɗanda har yau suke kiran wani reshe na zar, wato borin ƙasarsu, da sunan zar bori, suna bambanta shi da zar tumbura wanda ake yi da tambur mai tsirkiya.

Dattijon da ya buɗe mini ido a kan wannan al'amari na same shi ne da kaka, lokacin yankan riɗi, sa'ad da 'yan ƙwadagon da ake kira jango suka cika sansanonin gona, domin riɗi ba ya jira: in ya nuna aka yi jinkiri kwanaki kaɗan, sai ya fashe ya zube. A Sudan aka haife shi, haka ma mahaifinsa, amma Hausarsa ta mutanen gabashin Kano ce tsantsa, sai dai Larabci kan faɗo masa nan da can. Da rana yana taimakon wani mai matsar mai, irin wadda raƙumi ke juyawa an rufe masa ido, da dare kuma ya ɗauko garaya. Na lura kafin ya taɓa ta sai da ya wanke hannu da toka, ya ɗauraye, ya goge da gefen rawani, sannan ya murza yatsunsa biyu a ƙasa. Na ce, Baba, wannan kuma na mene ne, tun da hannun ya riga ya fita? Ya ce, ɗana, mai ba ya fita da ruwa, kuma farce ba ya zama a hannun da ya wuni cikin mai. Ya ƙara da cewa sabulu ya fi cutar da shi, don yana barin yatsa da santsi.

Sai ya miƙo mini farcen na duba kusa da fitila. Tsawonsa bai kai ɗan yatsa ba, bakinsa ya yi sumul ya yi baƙi saboda shekarun da ya yi yana gugar tsirkiya, amma gindinsa, inda ake riƙewa, an kakkarce shi da aska gicciye kamar tsagar fuska, kuma an huda shi an zura zare wanda yake naɗawa a yatsan tsakiya, don ko ya kuɓuce kada ya faɗi ƙasa cikin duhu. Ya ce illar fata ita ce tana shan gumi: da bazara, lokacin da zafin Gadarif ke haura ma'auni 40, farce kan yi laushi kafin dare ya raba, sautin ya dushe, shi ya sa yake ajiye na biyu a naɗin hularsa, yana musanya su, wanda ya jiƙe ya sa shi kusa da garwashin mai shayi ya bushe, amma ba kusa ainun ba, kada ya lanƙwashe. In kuwa abin ya faskara, sai ya ɗauko ɗan ƙwallon ƙaro, ya lasa, ya dangwala a yatsa, ya jira ya yi danƙo. Ya gargaɗe ni cewa kaɗan ake sawa, gama ƙaro ruwa ke narkar da shi, in ya yi yawa gumi ya same shi sai ya koma yauƙi, maganin ya zama cuta.

Larabawan da Hausawa suka tarar suna da tasu hanyar, kuma daɗaɗɗiya ce. Mai udu yana bugawa da abin da suke kira risha, ma'ana gashin tsuntsu, kuma masu tarihin Andalus sun ruwaito cewa Ziryabu, wanda ya bar Bagadaza ya isa Kurɗuba a 822, shi ne ya bar mabugin itace ya koma ga gashin mikiya. Hikimar risha tana cikin tsawonta: tana ratsa tafin hannu duka, sauran yatsu suna danne jelarta, saboda haka ko bakinta ya motsa ba ta faɗuwa. A wannan fagen ma jinin Hausa ya bar suna, domin Aishatu Musa Ahmad, wadda duniya ta sani da Aisha Falatiya, haifaffiyar Kasala maƙwabciyar Gadarif, 'yar malamin allo, ita ce mace ta farko da ta rera waƙa a gidan rediyon Ondurman a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, tana yi da Larabci da Hausa, ta rasu a 1974, kuma 'yar'uwarta Jidawiyya gwanar udu ce.

Amma wanda ya fi kowa shan wahalar wannan mas'ala shi ne mai ƙanuni, abin kiɗan nan mai tsirkiya sama da saba'in da ake shimfiɗawa a cinya, wanda ƙungiyoyin kiɗan Masar suka shahara da shi. Shi ba ya riƙe farce ko kaɗan. Zobe ne mai faɗi na ƙarfe yake sawa a manunin kowane hannu, ya cusa siririn ƙaho ko ɓawon kunkuru tsakanin zoben da naman yatsa, don sauran yatsu su sami 'yanci. To, yatsan ɗan Adam ba ya zama a kan awo ɗaya: da zafi ya kumbura, da sanyin asuba ya tsuke. Zoben da ya yi daidai da asuba yana iya matsewa har jini ya tsaya da la'asar, wanda kuwa ya yi sako-sako sai mabugin ya riƙa juyawa.

Wannan ita ce ainihin damuwar masu jitar ƙarfe, wadda aka ƙaga a tsibiran Hawai, ana jingina ta ga wani saurayi Joseph Kekuku wajen 1889. Ita ma a kwance ake kaɗa ta, hannun hagu yana zamar da sandar ƙarfe a kan tsirkiya, shi ya sa sautinta ke jan ƙafa kamar kuka, hannun dama kuwa yana sanye da farata uku, biyu na ƙarfe a manuni da na tsakiya, ɗaya na roba a babban yatsa. Baje kolin San Faransisko na 1915 ya yaɗa ta a Amurka, daga baya aka ƙara mata matakan ƙafa, kuma a Nijeriya King Sunny Ade ne ya shigar da ita kiɗan juju a ƙarshen shekarun 1970, Demola Adepoju yana kaɗa masa. Da na bincika yadda waɗannan makaɗa ke hana faratansu zamewa, sai na tarar suna lasar yatsa kafin su sa, suna lanƙwasa hannayen farcen ƙarfe da filaya har ya rungumi yatsa daidai bayan tushen farce, suna tsoma na roba cikin ruwan zafi ya yi laushi su daidaita shi, suna karce cikinsa ya yi kaushi, wasu kuma su shafa irin ƙaron da masu goge ke gogawa a izga. In aka cire ƙarfe da filaya, kusan babu abin da suka sani wanda dattijon nan na matsar mai bai riga ya nuna mini ba, kuma bai taɓa jin sunan Hawai ba.

Ina ganin dalilin da ya sa irin wannan ilmi ba ya shiga littafi shi ne masu shi ba su ɗauke shi ilmi ba, masu alƙalami kuma sun ɗauke shi abin da bai cancanci tawada ba, ko don ƙanƙantarsa ko don shubuhar da ke tattare da kiɗa. Ba na jayayya da fuƙaha'u a kan hukunci, wannan fagensu ne. Abin da nake cewa kawai shi ne sana'a ce da mutane suka ɗauko a ƙafa daga ƙasar Hausa har gindin duwatsun Habasha, suka daidaita ta da zafin wata ƙasa da itatuwanta, kuma tana gab da ɓacewa ba tare da an rubuta ko sunayen sassanta ba. Dorina ta yi wuya, samari sun koma ga jita da organ mai lantarki tun zamanin da su Sharhabil Ahmad suka buɗe wannan ƙofa a Hartum, kuma waɗanda suka rage a kan garaya da yawansu yanzu daga jarkar roba suke yanko farce, wanda ba ya shan gumi ba ya laushi, amma ya fi fata santsi nesa ba kusa ba.

Na tambayi dattijon ko ya taɓa gwada na roba. Ya ce ya gwada sau ɗaya, a bikin wani maƙwabci, ya tashi daga hannunsa ya faɗa cikin taron mata, sai da yara suka nemo shi da tocila. Na fata kuwa, in ji shi, wanda ke hannuna a lokacin, mahaifinsa ne ya yanka shi daga wata tsohuwar bulalar dorina da aka sayo a kasuwar Sinnar, kuma su uku ne a da, ɗaya ɓera ya ci, ɗaya yana cikin hularsa. Ya karɓa, ya naɗa zaren sau biyu a yatsan tsakiya, ya murza yatsunsa a ƙasa, ya ce wa yaron da ke riƙe da caki ya matso kusa.