Karkataccen Hanci: Yadda Likitoci Suka Koyi Rage Yanka

Wanda shirinmu kan hanci ya wuce shi, to ga abin da muka tattauna.

Toshe kafar hancinka ɗaya da yatsa ka ja numfashi, sannan ka sauya. In kullum gefe guda ne a cushe ba tare da mura ba, ga minshari, ga haɓo da hunturu, ka wayi gari baki a bushe, to wataƙila shamakin da ya raba kafofin biyu ne ya karkace. Gabansa guringuntsi ne, bayansa ƙashi. Wani haka aka haife shi, wani kuwa saniya ce ta tunkuye shi, ko babur ya kayar da shi.

Gyaran hanci ba yau aka fara ba. Wata takardar likitocin Masar ta wajen shekara 1600 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) ta bayyana yadda ake mayar da karyayyen hanci, a cusa masa ƙyalle ya riƙe shi. A 1794 kuma wata mujallar Landan ta buga labarin Kawasji, mai kora keken shanu na sojojin Ingila a Indiya, wanda mutanen Tipu Sultan suka yanke wa hanci. Wani gwani ɗan ƙasar ya yanko fatar goshinsa, ya juyo da ita ƙasa, ya ƙera masa sabo. Likita Joseph Carpue ya kwaikwayi aikin a Landan a 1814.

Amma fa shamakin ciki ya fi ba su wuya. Likitocin ƙarni na 19 sukan karya shi da awartaki ko su huda shi, sai mutum ya warke da rami, ko abin ya koma gidan jiya. A 1902 Otto Freer na Shikago, sannan Gustav Killian na Jamus a 1904, suka nuna yadda ake ɗaga fatar ciki, a cire karkataccen wurin, a mayar da ita. Killian ya nace a bar guringuntsi ta sama da ta gaba. Kai da ka taɓa kafa bukka ka san dalili: ka zare dirka, rufi ya zauna. Waɗanda aka kwashe musu da yawa, karan hancinsu lotsawa yake. Zuwa tsakiyar ƙarni na 20, Maurice Cottle a Amurka ya koyar da a miƙe guringuntsin a bar shi, a cire kaɗan kawai.

Har yau aikin yana da haɗari: zubar jini, ruɓewa, huji a shamakin da ke sa hanci yin fito, raguwar jin ƙanshi, ko toshewar ta dawo. Shi ya sa ba kowa ake yi wa ba. Da yawa wanke hanci da ruwan gishiri mai tsabta da maganin likita ya ishe su. Maganin buɗe hanci na kasuwa kuwa, in ka zarce 'yan kwanaki da shi, ƙara toshewa yake.

Abu ɗaya ne ba ya jira. In an buge ka a hanci, ka ga kumburi mai laushi a ciki ya rufe hanya, jini ne ya taru. In ba a zuƙe shi da wuri ba, guringuntsin mutuwa yake. Wanzami yana da aikinsa, amma nan ba wurin aska ba ne. Nemi likitan kunne, hanci da maƙogwaro, wanda asibitocinmu ke rubutawa ORL.

In ya ce sai tiyata, gaya masa in kana da hawan jini ko kana shan asfirin. Kada kuma ka karɓi rana ana gobe za ku tashi da shanu, ko za ka bi motar kaya, don sabon ɗinki ba ya son ƙura da ɗaukar nauyi.

Allah Ya ba mu lafiya, mu da dabbobinmu.