Salansa: Daga Kashe Ƙara Zuwa Tsare Rai

Duk wanda ya taɓa tayar da tsohuwar Fijo 504 da asubahin hunturu ya san wani ɗan sauti mai kama da ƙyasta ashana, cak-cak-cak, da ke fitowa daga ƙarƙashin bonet, ya kuma ɓace da zarar inji ya ɗauki zafi. Yawancin direbobi ba sa kula shi, tunda yana tafiya da kansa. Wannan sauti yoyon hayaƙi ne, kuma sai da aka shafe shekaru masu yawa kafin masu ƙera mota su fahimci cewa ƙarar ita ce mafi ƙanƙantar illarsa.

Tun da Nikolaus Otto ya kammala injinsa a Jamus a 1876, Karl Benz kuma ya ɗora irinsa a kan ƙafafu uku a 1886, matsalar farko ita ce amo. Bawul ɗin fitar da hayaƙi yana buɗewa ne alhali iskar da ta ƙone tana da sauran matsi, don haka kowace fita tamkar harbin bindiga ce. Dawakai suna firgita, maƙwabta suna ƙorafi. A 1897 Milton Reeves na jihar Indiyana a Amurka ya yi rajistar wata tukunya mai ɗakuna da ramuka, wadda ke barin hayaƙi ya baje ya huce kafin ya fita. Ita ce kakar abin da muke kira salansa. A wancan zamani ba a ɗauke ta a bakin komai ba face maganin hayaniya, har wasu motocin suna zuwa da ƙofar da direba zai buɗe ya kauce mata idan ya fita bayan gari.

Labarin gubar da ke cikin hayaƙin kuwa daga wani wuri dabam ya faro. A 1857 masanin Faransa Claude Bernard ya bayyana cewa iskar kabon monoksaid tana kama jini ta hana shi ɗaukar oksijin. Bayan fashewar mahaƙar kwal ta Tylorstown a yankin Wales a 1896, John Scott Haldane ya binciki gawawwakin ya gano cewa wannan iska ce ta kashe akasarinsu, wuta ba ta ma taɓa su ba. Shi ne ya ba da shawarar shiga rami da ɓera ko ƙaramin tsuntsu, domin su kan jigata kafin mutum. Iskar ba ta da launi, ba ta da wari, kuma tana manne wa jini fiye da oksijin sau ɗari biyu da ɗoriya.

Hanyoyin biyu sun haɗu ne lokacin da aka ƙudiri haƙa hanyar mota a ƙarƙashin kogin Hudson, tsakanin Niyok da Niyu Jasi. Tambayar ita ce: hayaƙi nawa ɗan Adam zai iya shaƙa ya fita lafiya? Yandell Henderson na Jami'ar Yale ya gwada mutane a rufaffen ɗaki, aka tsayar da iyaka a kashi 4 cikin 10,000 na tsawon sa'a guda. Da aka buɗe Ramin Holland a 1927, manyan fankoki 84 ne ke sauya masa iska. Daga nan aikin bututun hayaƙi ya canza ma'ana: ya zama wajibi ya kai gubar har bayan mota, nesa da hancin fasinja, ba tare da ta tsiyaye a hanya ba.

Sai dai wasu ƙirar sun kawo hatsarin kusa. Volkswagen Beetle, wadda aka fara harhaɗawa a Legas a 1975, shekarar da masana'antar Peugeot ta Kaduna ta soma aiki, iska ce ke sanyaya injinta. Ɗumin cikinta daga wani akwati da ya lulluɓe bututun hayaƙi yake zuwa, saboda haka idan bututun ya huje, gubar kai tsaye take shiga ɗaki. Motoci masu ƙofar baya, irin wagon ɗin 504 da ta yi shekaru tana jigila a tashoshinmu, nasu haɗarin daban ne: iskar da ke kewaya bayan mota tana tsotso hayaƙi ta mayar da shi ciki ta lalatacciyar roba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsohuwar mota ba ta rasa tsaga, ko a daɓe ko a but. Direban da ya rufe gilasai saboda ƙura, ya ji ciwon kai da gyangyaɗi da jiri, yakan ɗora laifin a kan gajiya.

Mataki na uku ya biyo bayan dokar tsaftace iska ta Amurka ta 1970. Daga 1975 aka fara sanya matatar hayaƙi a sababbin motoci, ita ce makanikanmu ke kira indomi, wadda ke rage gubar da kusan kashi 90 cikin 100 idan ta yi zafi. A 1976 Volvo ta fito da sensar oksijin ta kamfanin Bosch. Wannan ya ba yoyo wata sabuwar illa. Idan huda tana gaban sensa, iskar waje takan kutsa tsakanin bugun hayaƙi, sensa ta faɗa wa kwamfuta cewa mai ya yi kaɗan, kwamfuta ta ƙara. Mota ta riƙa shan fetur, filogi ya yi baƙi, mai ita ya yi ta canza kayan da ba su da laifi. Injin kabireta kuma, da motar da aka cire wa indomi, suna fitar da gubar yadda take.

Duk da wannan sauyi, hanyar gano yoyo ta tsaya kusan inda take tun zamanin Reeves. Ana farawa da kunne, inji yana sanyi, domin zafi yana kumbura ƙarfe ya toshe tsagar. Dalilin ɓacewar sautin asuba ke nan. Sai ido ya bi bututun daga manifol zuwa wutsiya yana neman baƙin tabo a bakin gasket da mahaɗai. Wani ya toshe wutsiyar da tsumma na 'yan daƙiƙu, hudar ta yi fito. Wanda ke son tabbaci ya kashe inji ya bar shi ya huce, ya hura iska ta wutsiya, ya shafa ruwan sabulu, ya jira kumfa. Duk wannan a fili ake yinsa, ba a rufaffen gareji ba, saboda dalilin da ya sa ba a kwana da janareta a ɗaki.

Gyara kuwa ya danganta da abin da ya jawo. Manifol ƙarfen zubi ne, shekarun zafi da sanyi suna lanƙwasa fuskarsa su karya ƙusoshinsa. Idan ba a daidaita fuskar ba, sabon gasket ma zai ƙone. Waldarsa tana buƙatar a ɗumama shi tukuna, a bar shi ya huce a hankali, in ba haka ba ya sake tsagewa kusa da ɗinkin. Bututun da tukunya daga ciki tsatsa ke cin su, domin ƙonewar fetur tana haifar da ruwa, kuma gajerun tafiye-tafiye ba sa busar da shi. Shi ya sa facin gwangwani ba ya daɗewa: ƙarfen da ke kewaye da hudar ya riga ya zama takarda, yanke sashen a sauya shi ne magani. Robobin da ke rataye bututun su ma a duba su, don idan sun tsinke nauyin duka a wuyan manifol yake komawa.

Sunan da muka ara, salansa, yana tuna mana aikinta na farko kawai, kuma har yau da shi ake yanke hukunci: in mota ta yi shiru, an ce an gyara. Alhali ƙaramar huda kusa da inji, wadda ba a jin ta cikin hayaniyar titi, ta fi tukunyar baya da ta fashe hatsari, domin tana ƙarƙashin ƙafafun direba. Idan yara suna yawan barci ko amai a kujerar baya, ko ciwon kai yana zuwa da tuƙi ya tafi da saukowa, a sauke gilashi, a kai motar gareji a ranar.