Sandar da ta jingina baya

Mai rubuta manhaja a kan Windows yakan rubuta adireshin fayil daidai, harafi bayan harafi, amma kwamfuta ta ce babu shi. Sau da yawa laifin yana wuyan alama ɗaya, wato \, sandar nan da ta jingina baya. An ɗora mata ayyuka biyu da ba sa ga maciji da juna, kuma waɗanda suka ɗora su ba su yi shawara ba.

Bob Bemer na kamfanin IBM ne ya kawo shawarar sanya ta cikin jerin haruffan ASCII a 1961. Bayan kimanin shekara goma, Dennis Ritchie ya ƙirƙiro harshen C a Bell Labs, inda sandar ta zama 'yar sanarwa: duk harafin da ya biyo bayanta ya tashi daga harafi ya koma umarni. \n na nufin sabon layi, \t na nufin tsallake gurbi. Java, Python da JavaScript duk sun gaji wannan ƙa'ida. Babu matsala a lokacin, domin Unix, gidan da C ya girma, da / yake raba sunayen folda.

Rikicin ya samo asali a 1983. DOS na farko, na 1981, ba shi da folda sam, kuma an riga an ba / aikin nuna zaɓi a cikin umarni, kamar DIR /W. Da IBM ya fito da PC XT mai faifan ajiya na megabayit 10, folda ta zama dole. Maimakon a rushe abin da masu saye suka saba da shi, sai DOS 2.0 ya ɗauki \. Shawara ce ta kasuwa, kuma a ranar ba ta da aibu.

Ga abin da ta haifar. Idan aka rubuta "C:\takardu\nazari" a Python, harshen zai haɗiye t da n, ya bar "akardu" da "azari". Ba zai yi ko tari ba, wanda shi ne mafi muni. Gara "C:\Users", da ke sa Python 3 tsayawa nan take da ƙorafi.

Lamarin ya fi haɗari idan ana harhaɗa adireshin ne daga sunayen da ƙimarsu ke sauyawa, kuma nan ko masu / ba su tsira ba. A 2015 an gano cewa wani layi a manhajar Steam ta Linux yana iya share fayilolin mutum kakaf idan sunan da ke riƙe da adireshin ya zo fanko.

Magunguna sun zo ɗaya bayan ɗaya: ninka sandar zuwa \\, sa r a gaban rubutun, sai pathlib da Python 3.4 ya kawo a 2014 don ya riƙa haɗa adireshi da kansa. Abin dariyar shi ne, tun zamanin DOS 2.0 cikin tsarin yana karɓar / a adireshi.